BABI NA HUƊU: ƘANANAN ALAMOMIN CIWON KUMFAR JINI GA MASU NUTSO DA TUKUNYAR ISKA DA YADDA AKE KULA DA SU

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan nutso irin na gargajiya kamar yadda masunta da sauran ma'abota ruwa suke yin sa a ƙasar Miga, wato nutson da mutum yake cika ƙirjinsa da iska, ya riƙe numfashi, sannan ya shiga ƙarƙashin ruwa. A wannan babi kuwa za a dubi wani nau'in nutso wanda zamani ya zo da shi, wato nutso da tukunyar iska, da kuma wani ciwo da yake tattare da shi. Za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ciwon yake samuwa, da ƙananan alamomin da yake farawa da su, da abin da ya kamata a yi wa wanda ya kamu, da kuma abin da ya kamata a guje wa.

Dalilin keɓe wa ƙananan alamomi babi guda shi ne, su ne aka fi yi wa kuskuren fahimta. Mutumin da ya fito daga ruwa ƙafafunsa suka shanye, babu mai jayayya a kan kai shi asibiti. Amma wanda ya fito da ɗan ciwon kafaɗa da kasala, shi da danginsa za su ce gajiya ce, ko sanyin ƙashi, ko zazzaɓin cizon sauro, alhali a wannan lokaci ne magani ya fi yin amfani.

4.1 Alaƙar Wannan Batu da Ƙasar Miga

Miga ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse a Jihar Jigawa, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Kano a shekarar 1991. Ƙasar tana cikin kwarin kogin Haɗeja, saboda haka su da noman fadama suna daga cikin sana'o'in jama'arta. Ruwan da yake biyowa ta wannan yanki yana fitowa ne daga kogin Kano da kogin Challawa, waɗanda aka gina wa manyan madatsai biyu: madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da madatsar Challawa da aka kammala a 1992. Tsayin bangon kowace daga cikinsu ya haura mita 40.

Masu nutson gargajiya na wannan yanki ba su cika fuskantar ciwon da ake magana a kansa ba, domin ruwan da suke shiga bai wuce 'yan mitoci ba, kuma ba sa daɗewa a ciki. Haɗarin da ya fi kusa da su shi ne fashewar dodon kunne, da suma a cikin ruwa, da kuma tsargiya. Haka nan masu haƙar rijiya, duk da zurfin da suke kaiwa, abin da yake halaka su shi ne ƙarancin iskar shaƙa ko hayaƙin inji a ƙasan rijiya, wanda wani al'amari ne daban.

Duk da haka, batun ya shafi mutanen wannan yanki ta hanyoyi uku. Ta farko, binciken ƙofofin manyan madatsai da aikin ceto a ruwa mai zurfi suna buƙatar masu nutso da kayan numfashi. Ta biyu, matasa daga Arewa sukan sami aiki a rundunar sojan ruwa da kamfanonin mai a gaɓar teku. Ta uku, ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata da suke zuwa Masar da Saudiyya da Maleshiya sukan tarar da nutso da tukunyar iska a matsayin abin shaƙatawa, musamman a Bahar Maliya, a garuruwa irin su Jidda da Hurgada da Sharm el-Sheikh. Irin wannan mutum yana iya yin nutso da safe, ya hau jirgin sama da yamma, ya sauka a Kano, kashegari ya kwana a gidansu a Miga ko Jahun ko Dutse da ciwon da babu wanda zai danganta shi da ruwa.

4.2 Sunan Ciwon

Hausa ba ta da tsohon suna ga wannan ciwo, domin sana'ar da take jawo shi baƙuwa ce. Turawa suna kiransa da sunan da yake nufin ciwon raguwar matsi, sannan suna yi masa laƙabi da wata kalma mai ma'anar lanƙwashewa, saboda yadda masu fama da shi suke tafiya a duƙe. A wannan babi an zaɓi a kira shi ciwon kumfar jini, domin sunan yana nuna ainihin abin da yake faruwa a jiki. Sai dai a lura cewa kumfar ba ta tsaya a jini kaɗai ba, takan fito a cikin tsoka da kitse da gaɓɓai da laka.

Tukunyar iska kuwa ita ce silindar ƙarfe da ake ɗura wa iska da ƙarfi, mai nutso ya goya ta a baya, yana shaƙa ta bututun da yake riƙe da shi a baki. Jama'a da yawa suna ɗauka iskar oksijin ce zalla a ciki. A nutson shaƙatawa, yawanci iskar da kowa yake shaƙa ce aka matse. Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su ne suka ƙera na'urar da ta sauƙaƙa wannan nutso a shekarar 1943.

4.3 Yadda Ciwon Yake Samuwa

Iskar da ɗan'adam yake shaƙa haɗi ce. Kusan kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin. Jiki yana amfani da oksijin, amma ba ya yin komai da naitirojin. Yakan narke ne kawai a cikin jini da tsoka gwargwadon matsin iskar da mutum yake shaƙa.

Ruwa yana da nauyi, saboda haka duk zurfin mita 10 da mutum ya ƙara, matsin da yake kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar bakin teku. A mita 10 matsin ya ninka sau biyu, a mita 20 sau uku, a mita 30 sau huɗu, a mita 40 kuma sau biyar. Na'urar numfashi tana ba mai nutso iska daidai da matsin wurin da yake. Ke nan wanda yake mita 30 yana shaƙar naitirojin ninki huɗu a kowane numfashi. Wani masani ɗan Ingila, William Henry, ya bayyana a 1803 cewa yawan iskar da take narkewa a cikin ruwa yana tafiya ne daidai da matsin da yake kanta. Saboda haka iya zurfi da iya daɗewa, iya yawan naitirojin da jiki zai sha.

Matsalar tana tasowa ne wajen fitowa. Idan mai nutso ya taso a hankali, naitirojin yakan bi jini zuwa huhu ya fita ta numfashi ba tare da wata illa ba. Idan kuwa ya taso da gaggawa, ko ya daɗe fiye da ƙima, sai naitirojin ya koma kumfa tun yana cikin jiki. Misali mafi sauƙi shi ne kwalbar lemo. Muddin murfin yana rufe ba a ganin komai a ciki sai ruwa, amma da zarar an ɓalle shi gaba ɗaya sai kumfa ta taso. Wannan kumfa takan danne jijiyoyi, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta kuma jawo kumburi a inda ta tsaya.

Wannan bayani shi ne yake nuna bambancin mai tukunya da mai nutson gargajiya. Na biyun numfashi ɗaya yake shiga da shi, don haka abin da jikinsa zai sha kaɗan ne. Amma ko shi ba a ce ya tsira ɗungurungum ba. An sami irin wannan ciwo a tsakanin masu nutson lu'ulu'u na tsibiran Tuwamotu a tekun Fasifik, waɗanda suke maimaita nutso mai zurfin gaske sau da yawa a yini ba tare da isasshen hutu ba. Su suna kiransa tarabana.

4.4 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1670 Robert Boyle ya ga kumfa a cikin idon wani maciji da ya sa a cikin tulun gwaji ya zuƙe iskar ciki. Ba a fahimci muhimmancin abin ba sai a ƙarni na 19, lokacin da aka fara tura ma'aikata cikin akwatunan da aka cika da matsattsiyar iska domin haƙar ma'adinai da kafa harsashin gadoji a ƙarƙashin ruwa. A aikin gadar Buruklin ta birnin New York, likitan ma'aikata Andrew Smith ya ƙidaya mutum 110 da suka kamu, kuma babban injiniyan aikin, Washington Roebling, ya nakasa ta wannan hanya a 1872. A 1878 Paul Bert na Faransa ya tabbatar da cewa kumfar naitirojin ce sanadi, ya kuma ba da shawarar fitowa a hankali da shaƙar oksijin. A 1908 John Scott Haldane da abokan aikinsa, bayan gwaje-gwaje a kan awaki, suka fitar da jadawalin da yake nuna inda mai nutso zai riƙa tsayawa a hanyarsa ta fitowa. A kan wannan tushe ne aka gina jadawalolin da suka biyo baya da kwamfutocin hannu na masu nutso.

A Nijeriya, labarin Harrison Okene ya isa misali. Mai dafa abinci ne a wani jirgin ruwa mai suna Jascon-4 wanda ya kife a tekun yankin Neja Dalta a watan Mayu na 2013, ya nutse zuwa kimanin mita 30. Daga cikin mutum 12 shi kaɗai ya tsira, bayan ya yi kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Da masu nutso suka same shi ba su fito da shi sarari kai tsaye ba, domin jikinsa ya riga ya ƙoshi da naitirojin, kuma yin hakan zai iya kashe shi. Sai da ya yi fiye da kwana biyu a ɗakin matsi ana rage masa matsin sannu a hankali.

4.5 Rabe-raben Ciwon

Tun daga 1960 likitoci suka saba kasa ciwon gida biyu. Kashi na farko shi ne mai sauƙi, wanda ya tsaya a gaɓɓai da fata. Kashi na biyu shi ne mai tsanani, wanda ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko laka, ko cikin kunne, ko huhu. A shekarar 2004 masana suka yi taro a birnin Sidni na Ostireliya domin fayyace abin da za a kira mai sauƙi, musamman ga wanda ya kamu a wuri mai nisa da ɗakin matsi, aka kuma sabunta matsayar a 2018. Wannan matsaya ta dace da yanayin Jigawa ƙwarai, domin tsakanin Dutse da Legas akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma ɗakunan matsi an fi samun su ne a inda aikin nutso yake, wato gaɓar teku.

4.6 Ƙananan Alamomi

4.6.1 Ciwon gaɓɓai

Wannan ita ce alamar da aka fi sani. Ga masu nutson shaƙatawa ta fi kama kafaɗa da gwiwar hannu, ko da yake takan kama gwiwar ƙafa da ƙugu da wuyan hannu. Ciwo ne mai zugi daga can ciki, wanda mai shi yakan kasa nuna ainihin wurinsa da yatsa. Bambancinsa da targaɗe shi ne, sau da yawa babu kumburi ko ja a wurin, dannawa ba ta ƙara shi sosai, kuma hutawa ba ta kawar da shi. Yakan fara kaɗan-kaɗan ya riƙa ƙaruwa.

4.6.2 Alamomin fata

Akwai ƙaiƙayi, da jin kamar kiyashi yana bin jiki, da ƙuraje masu kama da borin jini a ƙirji ko ciki ko kafaɗu ko cinyoyi. A nan akwai abin lura ga mutanen ƙasar Hausa. Littattafan koyar da nutso sukan siffanta waɗannan alamomi da launin ja ko shuɗi, wanda a farar fata ne yake fitowa sarai. A baƙar fata yakan zo ne a matsayin dabbare-dabbare masu ɗan duhu, saboda haka sai an duba a wuri mai haske, an kuma shafa an tambayi mai ciwon ko wurin yana masa zafi. Idan dabbare-dabbaren suka bazu kamar zanen jijiyoyi, a ɗauki abin da muhimmanci, domin irin wannan yakan zo tare da alamomi masu tsanani. An kuma danganta shi da wata 'yar ƙofa da take tsakanin ɗakuna biyu na saman zuciya, wadda ba ta gama rufewa ga kimanin mutum ɗaya cikin huɗu, kuma kumfa takan bi ta cikinta ta tsallake huhu.

4.6.3 Kumburi

Wani lokaci kumfa takan toshe hanyoyin ruwan jiki, sai wani sashe kamar ƙirji ko dantse ya kumbura ya yi taushi. Irin wannan kumburi yakan ɗauki kwanaki kafin ya saɓe.

4.6.4 Kasala da mutuwar jiki

Kowa ya san nutso yana gajiyarwa, amma gajiyar da ta wuce aikin da aka yi, tare da ciwon kai da rashin sha'awar abinci, alama ce da bai kamata a raina ba. Ita ce ta fi kama da zazzaɓin cizon sauro, sai dai ciwon kumfar jini ba ya zuwa da zafin jiki a bisa al'ada.

4.6.5 Lokacin bayyanar alamomi

Ƙididdigar rundunar sojan ruwan Amurka ta nuna cewa kashi 42 cikin ɗari na masu kamuwa suna ganin alama cikin awa ɗaya bayan fitowa, kashi 60 cikin awa uku, kashi 83 cikin awa takwas, kashi 98 kuma cikin awa 24. Hawa jirgin sama yana iya tayar da alamar da ta yi jinkiri. Daga wannan za a fahimci cewa tambaya mafi muhimmanci da za a yi wa mai irin waɗannan alamomi ita ce ko ya yi nutso da tukunyar iska cikin kwana ɗaya ko biyu da suka wuce. Babu wani gwajin jini ko hoto da yake tabbatar da ciwon. Labarin nutson da binciken likita su ne madogara.

4.7 Alamomin da Suke Fitar da Ciwo Daga Sahun Mai Sauƙi

Ba a kiran ciwon mai sauƙi sai an cika sharuɗɗa biyu: alamomin sun tsaya cik ko suna raguwa, sannan likita ya bincika bai ga alamar taɓuwar ƙwaƙwalwa ko laka ba. Duk ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da ya bayyana, to lamarin ya zama na gaggawa:

(a) raunin hannu ko ƙafa, ko sagewar da take yaɗuwa;
(b) jiri ko hajijiya, da amai, da ƙarar kunne ko toshewarsa;
(c) tangaɗi wajen tafiya;
(d) kasa yin fitsari;
(e) ciwon da ya zagaye ƙugu ko ƙirji kamar ɗamara, ko ciwon baya mai tsanani;
(f) ruɗewa, ko sarƙewar harshe, ko gani dishi-dishi;
(g) tari da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi.

Wanda yake tare da mai ciwon yana iya yin ɗan gwaji kafin a kai ga likita. Ya tambaye shi sunansa da ranar da ake ciki da inda yake. Ya sa shi ya matse masa hannaye biyu don ya ji ko ƙarfinsu ɗaya. Ya shafa fatarsa dama da hagu ya tambaye shi ko yana ji daidai. Idan yana iya tsayuwa, a sa shi ya yi tafiya a kan layi, dunduniya tana taɓa yatsu, wani yana kusa don kada ya faɗi. A riƙa maimaita wannan gwaji ana rubuta sakamako da lokaci, domin ciwon da ya fara da kafaɗa yana iya kaiwa ga laka cikin 'yan awoyi.

4.8 Yadda Ake Kula da Wanda ya Kamu

Mataki na farko shi ne a dakatar da nutso gaba ɗaya, a kwantar da mutumin a miƙe. Tsohuwar dabarar ɗaga ƙafafu a sunkuyar da kai an daina ta. Idan hankalinsa ya gushe, a kwantar da shi a gefe ɗaya, a kula da numfashinsa.

Mataki na biyu, kuma mafi muhimmanci, shi ne a ba shi oksijin mai ƙarfi, kusa da kashi ɗari bisa ɗari, ta abin rufe hanci da baki mai jaka wanda ake buɗe wa lita 15 a minti, ko na'urar da take ba da iska idan an zuƙa. Ɗan siririn bututun hanci da aka saba gani a asibiti bai wadatar ba. Hikimar ita ce, idan babu naitirojin a cikin abin da mutum yake shaƙa, wanda yake cikin kumfar zai fi saurin komawa jini ya fita. Ko da alamomin sun ɓace bayan an fara ba da oksijin, ba a ɗauka an warke, domin sukan dawo.

Mataki na uku shi ne a ba shi ruwa ya sha kaɗan-kaɗan, muddin yana cikin hankalinsa kuma ba ya amai. Ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba mai gudawa yana da amfani. A asibiti ana iya yi masa ƙarin ruwa.

Mataki na huɗu shi ne a tattara bayanin nutson: zurfi, da daɗewa, da yawan nutson da aka yi a kwanakin, da yadda aka fito, da lokacin da alama ta fara. Idan yana da kwamfutar hannu, a tafi da ita.

Mataki na biyar shi ne a kai shi asibiti mafi kusa da yake da oksijin, a kuma nemi shawarar likitan da ya ƙware a harkar nutso ko da ta waya ce. Ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a Jami'ar Duke ta Amurka a 1980, tana da layin gaggawa na dare da rana domin irin wannan. Likita yana iya ba da maganin rage zugi da kumburi irin su ibuprofen idan babu abin da ya hana, amma bai kamata mutum ya sha da kansa don ya danne ciwon ya ci gaba da harkokinsa ba.

Cikakken magani shi ne ɗakin matsi, wato wani ɗaki na ƙarfe da ake sa majiyyaci a ciki a ƙara matsi zuwa kwatankwacin zurfin mita 18, yana shaƙar oksijin. Matsin yana ƙanƙantar da kumfar, oksijin kuma yana wanke ta. Jadawalin da aka fi amfani da shi, wato na shida na sojan ruwan Amurka, yana ɗaukar awa huɗu da minti 45. Matsayar 2004 da ta 2018 ta nuna cewa mai ƙananan alamomi zalla yana iya warkewa da oksijin da ruwa da hutu ba tare da ɗakin matsi ba, ko da yake warkewar takan fi jinkiri, musamman idan kai shi ɗakin yana da wahala ko haɗari. Amma wannan hukunci na likitan nutso ne, ba na mai ciwon ko abokansa ba.

4.9 Abubuwan da Ya Kamata a Guje wa

Na farko, kada a mayar da mutum cikin ruwa da tukunyar iska da nufin kumfar ta narke. Yin haka yana ƙara masa naitirojin, kuma yana iya suma a ƙasa. Ƙwararru masu horo na musamman da kayan oksijin ne kawai aka yarje wa irin wannan, a wurare masu nisa.

Na biyu, kada a hau jirgin sama ko tudu mai tsawo. Matsin cikin jirgin fasinja yakan yi daidai da na tsaunin da ya kai mita 2,400, don haka kumfar takan ƙara girma. Hawa zuwa Jos, wadda take kimanin mita 1,200 sama da teku, yana da irin wannan illa.

Na uku ya shafi al'ada. Bahaushe idan gaɓa ta yi masa ciwo, abin da yake fara tunawa shi ne gashi da ruwan zafi, ko tausa, ko ya kira wanzami ya yi masa ƙaho. Babu ɗaya daga cikinsu da yake fitar da naitirojin daga jiki, kuma masu koyar da nutso suna gargaɗi a kan ruwan zafi da tausa mai ƙarfi jim kaɗan bayan fitowa. Babbar illarsu ita ce cinye lokacin da ya kamata a yi amfani da shi wajen ba da oksijin. Haka nan, ciwon da ya sami mutum bayan ya fito daga ruwa mai zurfi, ba wuya a danganta shi da iskokin ruwa. Wannan fahimta ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Al'ummar Miskito ta ƙasashen Honduras da Nikaragwa, waɗanda da yawa daga cikin masu nutsonsu suka nakasa ta wannan ciwo, sukan danganta shi da wata aljanar ruwa mai suna Liwa Mairin. Addu'a ba ta hana neman magani, saboda haka ana iya yin ta a kan hanyar asibiti.

4.10 Rigakafi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ciwon ba mai yawan aukuwa ba ne ga masu bin ƙa'ida, domin bai wuce 'yan ƙalilan ba a cikin kowane nutso 10,000 na shaƙatawa. Ƙa'idojin su ne kamar haka. Sabon mai koyo kada ya wuce mita 18, kuma iyakar nutson shaƙatawa ita ce mita 40. A kiyaye lokaci: jadawalin ƙungiyar PADI ya ba da minti 56 a mita 18, amma minti 20 kacal a mita 30. A taso a hankali, kimanin mita 9 zuwa 10 a minti, a kuma tsaya minti uku zuwa biyar a zurfin mita 5. A sha isasshen ruwa, a guji aikin ƙarfi bayan fitowa. Kafin hawa jirgin sama a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, da aƙalla awa 18 bayan nutso da yawa, kamar yadda taron masana na 2002 ya tsayar.

Akwai ƙarin ƙa'ida ga mai nutso a Arewa. Jadawalolin da aka saba da su an tsara su ne domin bakin teku, kuma duk ruwan da yake sama da mita 300 daga teku yana buƙatar gyaran lissafi, domin matsin da mutum zai fito ya tarar ya fi ƙaranci. Tiga da Challawa da ƙasar Dutse duk sun haura wannan iyaka. Bugu da ƙari, shaƙar iska ta tiyo daga kwamfaresa irin ta masu faci, kamar yadda matalautan masunta suke yi a wasu ƙasashe, tana jawo wannan ciwo daidai da tukunya, ga kuma haɗarin hayaƙi da mai a cikin iskar.

4.11 Kammalawa

A wannan babi an yi bayanin yadda naitirojin yake narkewa a jikin mai nutso da tukunyar iska, da yadda yake komawa kumfa idan an taso da gaggawa. An kawo ƙananan alamomi huɗu, wato ciwon gaɓɓai da alamomin fata da kumburi da kasala, an kuma bambanta su da alamomi masu tsanani. An nuna cewa ciwon yana saje da cututtukan da jama'ar Miga suka saba da su, kuma abin da yake tona shi shi ne tambayar ko mutum ya yi nutso. Daga nan abin da ake buƙata shi ne kwanciya, da oksijin, da ruwa, da sa ido, da shawarar likita, tare da nisantar ruwa da jirgin sama har sai likita ya ba da izini. A babi na gaba za a kawo jawabin kammalawa da shawarwari.